Makoki a Bakin Akushi

A wata ekklesiya ta ƙauye a ƙasar Malumfashi akwai wani dattijo, manomi, wanda ba za mu faɗi sunansa ba, ko da ya ke ya yarda mu ba da labarinsa domin amfanin 'yan'uwa. Shekara uku da suka wuce likita ya auna shi, ya ce masa yana da hawan jini, ciwon sukari kuma yana tsaye a bakin ƙofa. Dattijon nan mutum ne mai jin magana. Ya mai da malmalar tuwonsa ɗaya maimakon biyu, ya bar lemun kwalba, ya koyi shan shayi ba sukari, ya kuma jingine babur ya riƙa zuwa gona da ƙafa safe da yamma. Kafin shekara ta kewayo ya zubar da kilo 12, numfashinsa ya daidaita, har ya kan riga samari isa ɗakin sujada.

A cikin wannan tafiya duka yana da abokin hanya, watau wani baƙin kare da ya ke kira Duna. Matarsa ta rigaya ta rasu, 'ya'yansa suna Kano da Kaduna, gidan kuwa daga shi sai jikansa guda da karen nan. Da damina kububuwa ta sari Duna a gindin kunya, kwana biyu ya mutu. Dattijo ya jira dare ya yi, ya ɗauki fartanya, ya binne shi a ƙarƙashin ɗorawa a gefen gona, domin kada kowa ya gan shi. Bayan wata bakwai nauyin da ya zubar ya komo duka, har da ƙari. Mutanen gari kuwa suna ta yi masa barka, suna cewa, "Baba, ka murmure, lalle yaran nan suna aiko da abin kirki."

Wata Asabar, ana gobe za a ci Jibin Ubangiji, ya zo wurinmu da magariba, ya zauna a kan tabarma, ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Sa'an nan ya ce, "Fasto, ina so ka faɗa mini ko in ci Jibi gobe ko in bari. Zunubina biyu ne, ban san wanda ya fi girma ba. Ina da furfura ina kuka domin kare. Kuma da tsakad dare na kan tashi in cinye ɗumamen safe ina tsaye, kamar ɓarawo a gidana, ba kuwa yunwa na ke ji ba."

Sai mu faɗi gaskiya: da muka ji maganar kare, dariya ta taso mana har maƙogwaro. Mun gode wa Allah da ya riƙe ta, gama da ta fito, da mutumin nan bai ƙara buɗe bakinsa ga kowa ba. Tun daga ran nan mu ke ta tunani a kan tambayarsa, mun kuma lura ba shi kaɗai ba ne. Akwai gwauruwar da kyanwarta ta mutu, da yaron da aka sayar da ragon da ya rena tun yana ɗan tunkiya, da mai-jakin da ya yi shekara goma sha biyar yana tafiya da jakinsa kasuwa-kasuwa.

Bari mu fara da kukan. Ya halatta mai-bi ya yi baƙin ciki domin dabba? Wanda ya ke so ya ce a'a ba za ya rasa abin kamawa ba, gama Littafi Mai-Tsarki bai cika yabon kare ba. Karnuka ne suka lashe jinin Ahab, su ne suka cinye Yezebel, Goliyat kuma da ya ga sanda a hannun Dauda ya ɗauka an mai da shi kare, ya husata. Mu ma a ƙasarmu sunan kare zagi ne. Amma a duba Sama'ila na Biyu, sura 12. Sa'anda Allah ya so ya fasa taurin zuciyar sarki Dauda, bai aiko annabi Natan da tsawa ba, ya aiko shi da labarin wani matalauci mai 'yar tunkiya guda ɗaya, wadda ta girma tare da 'ya'yansa, tana ci daga abincinsa, tana sha daga ƙoƙonsa, tana kwana a jikinsa kamar ɗiyarsa. Mai-arziki ya ƙwace ta ya yanka wa baƙonsa. Ku lura, misalin nan ba ya da ƙarfi ko kaɗan sai idan ƙaunar matalaucin ga tunkiyarsa abin kirki ce. Da wauta ce, da Dauda ya yi murmushi ya ce a ba shi wata. Shari'ar Musa ta rigaya ta yanka cewa wanda ya saci tunkiya ya yanka za ya biya huɗu (Fitowa 22), Dauda kuwa ya ambaci huɗun nan. Amma kafin wannan ya ce mutumin ya isa mutuwa, domin ba shi da tausayi. Tsohon makiyayi ne shi, ya sani tumaki huɗu ba su mai da guda ɗayan nan.

Haka kuma Misalai sura 12 ta sa kula da ran dabba cikin alamun mutum mai-adalci. Littafin Yunana ya ƙare da Allah yana lissafa dabbobin Nineba tare da mutanenta cikin dalilan jinƙansa. Ubangijinmu ya ce ko ɗan tsuntsun da a ke sayarwa biyu a kobo ba ya faɗuwa ƙasa ba da sanin Uba ba. In Mahalicci bai ga ƙasƙanci cikin lura da faɗuwar gwara ba, ina dalilin da za mu ga ƙasƙanci ga dattijon da ya lura da mutuwar karensa?

Akwai iyaka, ba mu musu. Mutum kaɗai aka yi cikin surar Allah. Wanda ya ke saya wa karensa nama, marayan maƙwabcinsa kuwa yana kwana da yunwa, ya birkita tsarin ƙauna, ya kamata a tsauta masa. Amma cewa abu ba shi ne na fari ba, ba daidai ya ke da cewa ba kome ba ne. Kakanninmu sun ce sabo a ke yi wa kuka. Shekara goma sha ɗaya wata halitta tana tarye ka a bakin zaure, tana gane tarinka daga nesa, ba ta taɓa kai ƙararka ba, ba ta taɓa tambayarka gādo ba. Masu bincike a ƙasar Japan sun nuna a 2015 cewa sa'anda kare da mai-shi su ke duban juna ido da ido, wani sinadari da a ke kira oksitosin ya kan ƙaru a jikinsu duka biyu, shi ne kuwa sinadarin da ke aiki tsakanin uwa da jaririnta. A 2017 likitoci a Amurka suka ba da labarin wata mace mai shekara 61 a jihar Texas wadda zuciyarta ta kamu da ciwo mai kama da bugun zuciya bayan mutuwar karenta. Jiki ba ya tambayar ko wanda ya mutu ɗin yana da ƙafa biyu ne ko huɗu kafin ya ji rashi.

Da muka ƙara tambayar dattijonmu, sai wani abu ya fito. Ashe marigayiya matarsa ce ta kawo karen nan gida yana ɗan kwikwiyo, a cikin kwando, daga kasuwar ƙauyensu. Ita ta raɗa masa suna. Bayan rasuwarta, in an ambaci sunanta a tsakar gida ya kan ɗaga kunne. Ya ce mana, "Fasto, shi kaɗai ya rage a gidan nan wanda ya san muryarta." To, wa za ya iya raba kukan nan biyu, ya ce wannan na mace ne ya halatta, wannan na kare ne ya haramta?

Yanzu sai maganar cin abincin, ita ce kuwa ta fi wuya.

Harshenmu da kansa ya san wani abu a nan. Ba mu ce baƙar zuciya ga wanda aka yi wa rasuwa, gama wannan wata ma'ana ce dabam. Baƙin ciki mu ke cewa, da farin ciki. A cikin ciki mu ka ajiye su, wuri ɗaya da tuwo. Mai ɓoye damuwarsa mu kan ce yana da zurfin ciki. Wanda abu ya dame shi ya kan ce abin yana cinsa. Manya kuma sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, watau a koyi haɗiye magana. Karin maganar nan tana da amfani a wurinta, ta kashe faɗa da yawa. Amma dattijonmu ya bi ta fiye da kima: ya haɗiye makokinsa duka, da ya ji yana motsi a ciki kuwa, sai ya riƙa danna masa tuwo a kai domin ya kwanta.

Me ya sa ya haɗiye? Domin ba mu bar masa wata hanya ba. In mutum ya rasu, akwai zaman makoki, akwai masu zuwa su ce yaya haƙuri, matan zumunta su kan kawo abinci, a yi addu'a, a yi waƙa. In sa ko jaki ya mutu, maƙwabta su kan zo jaje su ce Allah ya mayar da alheri, gama dukiya ce ta salwanta. Amma kare ba mutum ba ne, ba kuwa dukiya ba, saboda haka ba ta'aziyya, ba jaje. Wani malami a Amurka, Kenneth Doka, ya rubuta a kan irin wannan a 1989, ya kira shi baƙin cikin da jama'a ba su ba mutum izinin yi ba. Ya haɗa da na macen da ta yi ɓari ba wanda ya sani, da na wanda ya rasa wani da ba a san suna da kusanci ba. Ruwan da aka toshe wa hanya ba ya komawa sama, katanga ya ke ci ta ƙarƙashi.

Likitoci kuma sun bayyana abin da ke faruwa a jiki, ya kamata masu-bi su san shi domin kada su ɗora wa Shaiɗan ko wa kansu abin da ba haka ba. A kwanakin fari na tashin hankali mutum ya kan rasa sha'awar abinci, kamar Hannatu da ta yi ta kuka ta ƙi ci a Shilo. Amma in damuwa ta daɗe, wasu 'yan halittu da ke bisa ƙoda su kan yi ta zuba wani sinadari a jini, kotisol, shi kuwa ya kan sa marmarin abu mai zaƙi da mai maiƙo. Rashin barci ya kan ƙara wutar. Ƙosai da fanke da shayi mai kauri su kan kwantar da rai na ɗan lokaci da gaske, ba ƙarya ba ne, shi ya sa hannu ya ke komawa. Ga wanda ya taɓa rage ƙiba kuwa akwai wani tarko na biyu. A 1994 aka gano leftin, sinadarin da kitsen jiki ya ke aika wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, a 1999 kuma aka gano girelin, wanda tumbi ya ke aikawa cewa akwai yunwa. In mutum ya rame, na farin ya kan ragu, na biyun ya ƙaru. A birnin Malbon na Ostireliya aka gwada mutum 50 masu ƙiba, aka rage musu abinci mako goma, suka zubar da wajen kilo 13 kowanne a tsakaice. Rahoton da ya fito a 2011 ya nuna cewa bayan shekara guda sinadaran nan ba su koma yadda su ke dā ba, mutanen suna jin yunwa fiye da kafin su fara. Watau dattijonmu tun kafin karensa ya mutu yana riƙe da ƙofa ne ana turowa daga waje. Abin da ke taimakonsa riƙewa kuwa shi ne tafiyar nan ta safe da yamma, da ɗan rabon da ya kan gutsura wa Duna daga akushinsa. Rana ɗaya ya rasa abokin, ya rasa tafiyar, gama ya ce ba ya iya bin hanyar ɗorawar nan, ya koma kan babur.

To, wannan haɗama ce? Tun zamanin dā malaman ekklesiya suka sa zarin ci cikin manyan cututtukan rai. Ebagiriyus, wanda ya zauna a hamadar Masar ya rasu a 399, ya lissafa mugayen tunani takwas, ya sa na ciki a farko, ya kuma sa baƙin ciki a cikinsu. Littafi ya ba mu Isuwa, wanda ya sayar da matsayinsa na ɗan fari domin kwano ɗaya na jan fate, da jama'ar Isra'ila da suka raina manna suka yi ta kukan naman Masar har aka binne da yawansu a jeji (Lissafi 11). Bulus ya yi maganar waɗanda cikinsu ya zama allahnsu. Amma a dubi mutanen nan da kyau. Isuwa ya ga jan abinci ya so shi fiye da albarka. Isra'ilawa sun tuna kifi da albasa da tafarnuwa, yawunsu ya tsinke. Mai-haɗama yana ƙaunar abinci. Dattijonmu kuwa muka tambaye shi ko tuwon dare yana yi masa daɗi, ya ce ko ɗanɗanonsa ba ya ji. Ba tuwo ya ke nema ba, yana neman abin da za ya sa ɗakin ya daina yin shiru. A ganinmu kuskure ne a kira wannan da sunan zunubin Isuwa, mai-wa'azin da ya yi haka kuwa za ya ƙara wa mutum kunya, kunya kuma ita ce ke tashe shi da tsakad dare.

Wanda ya fi kama da shi Iliya ne a Sarakuna na Fari, sura 19. Ya gudu daga Yezebel, ya bar baransa a Biyer-sheba, ya shiga jeji shi kaɗai tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Allah bai yi masa wa'azi a wurin ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da waina da tulun ruwa, har sau biyu. Ashe ba laifi ba ne abinci ya zama ta'aziyya, Allah da kansa ya yi amfani da shi haka. Mutanen Dauda ma sun zo suna lallashinsa ya ci a ranar da aka binne Abner. Bayan tashinsa daga matattu, Yesu ya gasa kifi a bakin teku ya ciyad da Bitrus kafin ya taɓa maganar da ke tsakaninsu.

Duk da haka ba za mu sallami ɗan'uwanmu da cewa ba kome ba, gama akwai kome. Abincin Iliya wani ne ya kawo masa, yana da ma'auni, an kuwa ba shi domin tafiyar da ke gabansa zuwa Horeb. Na dattijonmu shi ya ke ɗauka a ɓoye, ba ma'auni, ba kuwa inda ya ke kai shi sai komawa kan gado da nauyin zuciya. Yana neman ta'aziyya a wurin da ba ta, kamar mai ƙishi da ke shan ruwan kanwa. Ga mai hawan jini kuma wannan ba wasa ba ne, ƙarshensa shanyewar jiki ne ko ciwon ƙoda, ga jika ƙarami a hannunsa. Jikin nan ba nasa ba ne shi kaɗai, haikali ne, an saye shi da tamani. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu, ya yi kukan wannan yaƙi wajen shekara ta 400: ya ce waɗansu jarabobi mutum ya kan yanke su gaba ɗaya ya huta, amma abinci dole ya koma gare shi kowace rana, ba ya kuwa gane daidai inda bukata ta ƙare sha'awa ta fara. In babban malami irin wannan ya sha wuya a nan, kada mu yi mamakin manomi. Mashayi ya kan iya kauce wa gidan giya. Ba mai iya kauce wa madafar gidansa.

Wani abu kuma ya tsaya mana a rai, ya shafe mu duka. A gidajen iyayenmu ba a cin abinci a kaɗaice. Maza su kan fito da akussansu ƙofar gida, a sa hannu a kwano ɗaya. Wanda ya ke ci tare da mutane ba ya iya wuce rabonsa ba a gani ba, ba ya kuwa iya ƙin ci ba a tambaye shi lafiya ba. Al'adar nan tana raguwa, tsofaffi da yawa suna ci su kaɗai a ɗaka, 'ya'ya suna aiko da kuɗi ta waya. Mu kuma da muka ga rigarsa tana matse shi wata bakwai, barka muka yi masa, domin a wurinmu teɓa alamar hutu ce. Makiyayin da ya ga tunkiya ta kumbura ya ce ta yi ƙiba, bai duba ko ciwo ne ba, shi ma yana da abin da za ya amsa.

A daren nan muka ce masa, "Baba, ka zo ka ci Jibi gobe. Teburin nan domin masu yunwa aka shimfiɗa shi." Muka ce kukan ba zunubi ba ne, cin dare kuwa rauni ne da ke bukatar magani da addu'a da abokin zama, kada ya ɓoye shi kuma. Muka roƙe shi ya koma wurin likita a auna jininsa, kada kunyar ma'auni ta hana shi, kada kuma ya ce za ya rama da azumi mai tsanani, gama wanda ya hana wa kansa abinci yini guda da ƙarfi shi ne ya kan afka wa tukunya da dare. Ya tambaye mu ko za ya ga Duna a sama. Muka ce Littafi bai yi wannan alkawari da suna ba, ba za mu sa masa baki ba. Amma Romawa sura 8 ta ce dukan halitta tana nishi tana jiran 'yanci, John Wesley kuma ya yi wa'azi a kan wannan a 1781 yana sa zuciya dabbobi ma za su sami rabo cikin sabuntawar. Muka ce ya bar karen a hannun Wanda ya yi shi.

Ran Talata muka ɗauki dattawa biyu muka tafi gidansa jaje. Ɗaya daga cikinsu ya yi gunaguni a hanya, ya ce tun da aka haife shi bai taɓa jin an je gaisuwar kare ba, in mutanen gari suka ji za su ce masu-bi sun haukace. Amma da muka zauna, shi ne ya fara cewa, "Sannu da haƙuri, Allah ya mayar da alheri," daga nan kuma ya shiga ba da labarin wata goɗiyar mahaifinsa da ta mutu yana yaro, har muryarsa ta canza. Mai-gida ya yi kuka a gabanmu, da rana, a zaune.

Yanzu su biyun nan su kan ci tuwon dare tare a ƙofar gida, ɗumame kuwa a ɗakin maƙwabciya ya ke kwana, jikan ya kan ɗauko da safe. Nauyin bai sauka duka ba, kilo huɗu kaɗai ya tafi, wani makon ma ya kan ɗan komo. An kawo masa ɗan kwikwiyo ya ce a mayar, bai shirya ba tukuna. Amma ya koma zuwa gona da ƙafa, ta hanyar ɗorawa.